Tarihin Yarrow Mamout

An haifi Yarrow Mamout a yankin Afirka ta Yamma a wajajen shekarar 1736, kuma masana tarihi na kyautata zaton Bafulatani ne.

Yana da kimanin shekaru 16 'yan cinikin bayi suka kai shi birnin Annapolis da ke Maryland a ƙasar Amurka, a shekarar 1752, inda wani attajiri mai suna Samuel Beall ya saye shi.

Ya isa can da ilminsa, domin kuwa ya iya karatu da rubutu da Larabci.

Sai da ya shafe shekaru 44 a cikin ƙangin bauta kafin a 'yanta shi a 1796, yana ɗan shekaru 60.

Sau biyu yana ba wasu 'yan kasuwa ajiyar abin da ya tara da guminsa, kuɗin suna salwanta. Amma bai karaya ba, ya ci gaba da buga tubali da saƙar kwanduna.

A shekarar 1800 ya sayi fili a Georgetown, wadda a yanzu unguwa ce a birnin Washington, ya kuma mallaki hannun jari a bankin Columbia.

Duk tsawon wannan lokaci bai saki addininsa na Musulunci ba. Ba ya shan giya, ba ya cin naman alade, kuma an san shi da yin salla a lambun gidansa.

A 1819, fitaccen mai zanen nan Charles Willson Peale, wanda ya zana George Washington da Thomas Jefferson, ya neme shi har gida, bayan da ya ji ana cewa dattijon ya haura shekaru 130, ko da yake a haƙiƙa bai wuce 83 ba.

Hoton da Peale ya zana da fentin mai ya nuna shi da hula da babban kwat, fuskarsa ɗauke da murmushi.

A zamanin da mafi yawan bayi ko sunayensu ba a adana ba, wannan zane ya zama shaidar cewa Musulmin Afirka masu ilmi na cikin waɗanda suka gina Amurka.

Yarrow Mamout ya rasu ranar 19 ga watan Janairun 1823. A shekarar 2011 gidan adana kayan zane na birnin Philadelphia ya sayi hoton.