SARKIN HABASHA HAILE SELASSIE DA RANAR DA MANYA SUKA JUYA MASA BAYA

A wannan fitowa za mu ɗan taɓa tarihin Sarkin Habasha, Haile Selassie. An haife shi a 1892, sunansa na yanka Tafari Makonnen, aka naɗa shi sarauta a 1930.

Tun yana mai riƙon ƙasa ya sa Habasha cikin tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya ta Janeba a 1923, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙa'idarta kuwa, in an taɓa ɗaya an taɓa kowa. Da wannan alkawari ya dogara.

Ran 3 ga Oktoba 1935 Musolini na Italiya ya auka wa Habasha. Majalisa ta sa wa Italiya takunkumin ciniki, amma ba ta hana ta sayen man fetur ba, ba a kuma rufe mata mashigin Suwes ba. Dalili kuwa, Ingila da Faransa suna lallashin Musolini ne don kada ya haɗa kai da Hitila na Jamus. Har ma ministocinsu, Hoare da Laval, suka ƙulla a asirce a yanka wa Italiya babban yanki na Habasha. Asiri ya tonu, amma ɓarna ta riga ta auku. Nan Ikko ma mutane sun yi gangami a Glover Hall don nuna ɓacin ransu.

Italiya ta zuba wa Habashawa iska mai guba, Adis Ababa ta faɗi a Mayu 1936. Ran 30 ga Yuni Sarki ya tsaya gaban Majalisa ya kai kukansa, ya gargaɗe su cewa wutar za ta iso gidajensu. Aka saurara, aka watse, bayan 'yan makonni aka ɗage takunkumin. Ba wanda ya shafa wa gemunsa ruwa. A 1939 yaƙi ya ci Turai.

Ya koma gida ran 5 ga Mayu 1941. Cikin waɗanda suka kori Italiya har da sojojin Nijeriya, Hausawa da yawa a ciki, da suka taso daga Magadishu har Harar. Ya zo taron shugabannin Afirka nan Ikko a 1962. Shi ma yana da nasa laifin, don yunwar Wollo ta 1973 ta ci talakawa fada na ɓoye labari. Soja suka tuɓe shi a 1974, ya mutu a 1975.

'Yan'uwa mazauna Ijora, ƙungiyar da ba ta tsaya wa ƙaraminta ranar wuya, suna kawai gare ta. Allah ya sa tamu ta zama mai cika alkawari, amin.