Muhammadu al-Katsinawi (ya rasu 1741): Masanin Hisabi da Taurari na Katsina ta Korau

Gabatarwa

Ba a sanin gurbin abin da ke tafiya a sama sai an gwada shi da abin da ke tsaye. A kan wannan ƙa'ida magabata suka raba tafarkin wata zuwa manzili 28, a kanta kuma manomin Hausa ke duban Kaza da 'Ya'yanta don lissafin damina. Cikin malaman ƙasar Hausa da suka yi zurfi a wannan fage, wanda sunansa ya fi nisa shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi.

Rayuwarsa

Bafillace ne ɗan ƙasar Katsina, ya tashi a zamanin da birnin ke cibiyar ilimi da fatauci. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi. Wajejen 1730 ya tafi aikin Hajji, daga nan ya zauna a Alƙahira, a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. A gidan ya rasu a 1741 (1154 Hijiriyya), ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan Hasan, wato masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana tarihinsa cikin *Aja'ib al-Athar*.

Ayyukansa

A 1732 ya rubuta *Bahjat al-Afaƙ*, inda ya bayyana hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara, ta yadda jimlar kowane layi za ta zo daidai. *Al-Durr al-Manzum* kuwa ya rairayo shi ne daga *al-Sirr al-Maktum* na Fakhruddin al-Razi, kan taurari da ɗalasimai. A wurinsa hisabi da falaki da ilimin asirai tsintsiya ɗaya ce. Saboda haka mai nazarin da ya zare lissafin ya watsar da sauran ya tauye malamin, kamar yadda wanda ya kira shi boka kawai ya zalunce shi.

Kammalawa

Bukatar tsayayyen ma'auni a sama ba ta gushe ba, kayan aiki ne suka sauya. An gano cewa taurarin da magabata suka ɗauka a tsaye suke, su ma suna gusawa. Don haka a yau ana haɗa manyan eriyoyin rediyo na nahiyoyi daban-daban a auna kwezar, wasu maɓuɓɓugan haske masu tsananin nisa. Ma'aunin da Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya ta amince da shi a 2018 ya ƙunshi irinsu 4,536, kuma da su eriyoyin NASA na Amurka da Sifen da Ostareliya ke gwada gurbin kumbo.

Ba al-Katsinawi ya haifi wannan fasaha ba, amma yana cikin silsilar masu lissafin sama. Abin lura shi ne, Alƙahira ta riƙe labarinsa fiye da Katsina. Fassara ayyukansa zuwa Hausa bashi ne a wuyan manazarta.