Malam Aminu Kano: Ɗan Gidan Alƙalai da Ya Zaɓi Talakawa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Gyanawa, waɗanda aka san su da ilmin shari'a. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, ya kuma haɗa da karatun boko har Kwalejin Kaduna, hanyarsa a share take: aikin En'e, albashi, wataƙila ma rawani. Malam Aminu bai bi ta ba.

Tun yana ɗalibi ya fara shirya wasannin kwaikwayo na Hausa masu zambo ga maha'inta da azzaluman masu mulki. Da ya kama aikin koyarwa a Midil ta Bauci a 1942, sai ya sake haɗuwa da Malam Sa'adu Zungur, ra'ayinsu ya zo ɗaya. Ya yi karatu a Landan a 1946, daga baya aka kai shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ɗungurungum, ya rungumi jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano a watan Agustan shekarar, ya zama shugabanta a 1953.

A wancan zamani wannan ba ƙaramin ganganci ba ne a idon jama'a. Talakan da ya ƙi tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa gaban hakimi, ana ɗaukarsa fitsararre, sai ga ɗan malamai yana koya wa mutane cewa ba wanda ya cancanci a durƙusa masa sai Allah. Abin da ya fi ci wa abokan hamayyarsa tuwo a ƙwarya kuwa shi ne, daga Alƙur'ani da littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake ciro hujjojinsa, ballantana a ce baƙin ra'ayi ya kwaso daga Ingila. Magoya bayansa sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai. Shi kansa ya faɗi zaɓen 1954, bai shiga Majalisar Wakilai ta Legas ba sai a 1959, aka kuma kayar da shi a 1964.

Amma abubuwan da aka yi masa dariya a kansu sun tabbata yana raye. Matan Arewa sun sami ikon jefa ƙuri'a a 1976. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci kujerun gwamnan Kano da Kaduna, aka soke haraji da jangali a jihohin biyu, ko da yake jam'iyyar ta dare gida biyu ba da jimawa ba.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Allah ya jiƙansa.