Adolf Andarsan, malamin lissafi gwanin darar Turawa

Ƴan kasuwa maza da mata, yau mun kawo muku tarihin Adolf Andarsan, Bajamushe, wanda aka haifa a 1818 a birnin Bireslo, da ke cikin ƙasar Polan yanzu. Tun yana yaro mahaifinsa ya koya masa darar Turawa, wadda muke ji ana ce wa eshek. Sana'arsa koyar da lissafi ce, da ita yake ciyar da mahaifiyarsa da ƴar'uwarsa. Dara kuwa sai lokacin hutu.

A 1851 aka gayyace shi babbar gasa a Landan. Ya yi jinkiri saboda tsadar tafiya, sai mai shirya gasar, Hawad Sitantan, ya yi alkawarin biyan kuɗin in bai ci komai ba. Andarsan ya je, ya zo na ɗaya, ya komo ajinsa. Ba'amurke Pol Morfi ya kayar da shi a Pari a 1858, amma bai karaya ba: ya sake cin gasa a 1862 da 1870. Ya rasu a 1879.

Mu ma da ke buga dara bayan an tashi kasuwa, mu riƙe wasanmu, amma kada ya cinye jarinmu.