Charles Dickens (1812-1870): Marubucin da Ya Ɓoye Asalinsa

Da yawa daga cikinmu mun fara jin sunan Charles Dickens ne a makarantar sakandare, inda aka sa mu karanta wasu ƙagaggun labaransa cikin Turanci. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibi ba shi ne irin rayuwar da ta haifi waɗannan littattafai, musamman Great Expectations, wanda in da za a raɗa masa suna da Hausa sai a ce Dogon Buri. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi sawun rayuwar marubucin, a ga inda ta haɗu da jigon littafin, watau abota da bambancin matsayi da burin ɗaukaka.

An haifi Dickens ran 7 ga Fabrairu 1812 a Portsmouth, a kudancin Ingila, shi ne na biyu cikin 'ya'ya takwas. Kakanninsa na wajen uba barori ne a gidan wasu manyan masu ƙasa, iyalin Crewe. Mahaifinsa John ya ɗan ɗaga sama da haka, domin akawu ne a ofishin biyan albashin sojojin ruwa. Mutum ne mai fara'a, mai son tara baƙi da zance irin na manya, sai dai samunsa bai kai son ransa ba, saboda haka kullum yana cikin bashi. Sun zauna a Chatham, cikin lardin Kent, daga 1817 zuwa 1822. A nan ne uban yakan kai yaron yawo su wuce ta gaban wani katafaren gida da ake kira Gad's Hill Place, yana kwaɗaita masa cewa in ya dage da aiki wata rana zai iya mallakarsa.

Bayan sun koma Landan al'amura suka rincaɓe. A watan Fabrairu 1824 aka tsare John a kurkukun Marshalsea saboda bashin fam 40 da 'yan kai da wani mai gasa burodi yake binsa. A dokar wancan zamani iyalin mai bashi suna iya binsa su zauna tare da shi a kurkuku, haka kuwa uwar da ƙananan yaran suka yi. Shi Charles, yana da shekara 12, aka sa shi aiki a masana'antar man takalmi ta Warren, a bakin kogin Thames, wani tsohon gini mai cike da ɓeraye. Aikinsa shi ne rufe bakin kwalabe da manna musu takarda, sa'a goma a yini, a kan ladan sule shida a mako.

A nan ya gamu da wani yaro maraya mai suna Bob Fagin, wanda ya koya masa aikin, ya kuma riƙa kare shi daga tsokanar sauran yara. Wata rana ciwon gefen ciki ya tasar wa Charles, Bob ya kwantar da shi bisa ciyawa, ya yini yana cika kwalabe da ruwan zafi yana gasa masa wurin. Da yamma ya nace sai ya raka shi gida. Charles kuwa ba ya so a san iyayensa suna kurkuku, sai ya tsaya a ƙofar wani gida kusa da gadar Southwark, ya yi sallama da abokin nasa kamar ya iso, har ya ƙwanƙwasa ƙofar mutane don kada Bob ya waiwayo ya gane. Shekara 13 bayan haka, da ya tashi rubuta Oliver Twist, sunan wannan yaro ya ɗauka ya ba mugun tsohon nan mai koya wa yara sata. A ganina babu wani abu a tarihin Dickens da ya fi wannan nuna yadda kunyar talauci take iya mai da alheri abin gudu. Laifin Bob ɗaya ne, watau ya ɗauke shi ɗan'uwa a lokacin da shi yake ganin ya fi ƙarfin wannan 'yan'uwantaka.

Bayan wata uku aka saki uban, daga bisani aka mai da yaron makaranta, ko da yake uwarsa ta so ya ci gaba da aikin, abin da bai taɓa mantawa ba. Daga nan hawansa ya yi sauri. A 1827 ya zama akawun lauyoyi, ya koyi gajeren rubutu, ya zama ɗan jarida mai ɗauko labarin majalisa. Ya nemi auren Maria Beadnell, 'yar wani ma'aikacin banki, iyayenta suka ga bai kai ba. A 1836 ya auri Catherine Hogarth, a shekarar kuma The Pickwick Papers ya fara fita, sunansa ya game ƙasa tun yana ɗan shekara 24. A 1856 ya sayi Gad's Hill Place a kan fam 1,790.

A wannan gida ya rubuta Great Expectations, wanda ya fito mako-mako a mujallarsa All the Year Round daga Disamba 1860 zuwa Agusta 1861. Lokacin ya riga ya rabu da matarsa tun 1858, bayan ta haifa masa 'ya'ya goma, rabuwar da ya yi mata rashin adalci a cikinta ƙwarai. Tauraron labarin, Pip, maraya ne da ya tashi a hannun yayarsa da mijinta Joe, wani maƙeri marar ilimin boko mai zuciyar kirki, wanda ya riƙe shi aboki. Wata yarinya, Estella, da take gidan attajira Miss Havisham, ta raina kaushin hannunsa da takalmansa, daga ranar ya fara jin kunyar maƙera. Sa'an nan wani lauya ya zo da albishir cewa wani da ya ɓoye sunansa zai kashe masa dukiya a mai da shi ɗan manya, irin wanda ba ya cin guminsa. Da Joe ya ziyarce shi a Landan, Pip bai ƙi a ce bai zo ba. Daga baya ta bayyana cewa mai kuɗin shi ne Magwitch, wani fursuna da Pip ya taɓa ba abinci yana yaro, wanda aka kora Ostireliya ya yi arziki da kiwon tumaki. Ita Estella mai raina talaka ashe 'yar wannan fursuna ce. Dukiyar ta salwanta, Pip ya kwanta ciwo da bashi a wuyansa, Joe ne ya zo ya yi jinyarsa, ya biya bashin, ya koma gida ba tare da ya jira godiya ba.

Manazarci zai lura cewa a David Copperfield, wanda ya gabaci wannan da shekara goma, yaron masana'anta abin tausayi ne kurum, laifi duk na manya ne. A nan kuwa mai ba da labarin shi ne mai laifin, da bakinsa yake tuhumar kansa. Jinyar da Joe ya yi wa Pip tana tuna wa mai karatu kwalaben ruwan zafin Bob Fagin, bambancin kawai shi ne Pip ya koma ya nemi gafara. Haka nan manya biyu na labarin, Magwitch da Miss Havisham, kowannensu ya ɗauki yaro ya ɗora masa burin da shi ya kasa cimma, ɗaya don ya rama wulakancin da masu asali suka yi masa, ɗaya don ta rama yaudarar da namiji ya yi mata.

Wannan batu na ƙarshe ya shafi gidan Dickens kansa. Ya tsananta wa 'ya'yansa maza, yana ganin sun gado sakacin kakansu John game da kuɗi. Walter ya tafi Indiya aikin soja, ya rasu a Kalkata a 1863 da bashi a kansa. Alfred ya tafi Ostireliya a 1865, ƙaraminsu Edward ya bi shi a 1868 yana ɗan shekara 16, watau uban ya tura su neman arziki ƙasar da ya tura Magwitch. Henry ne kaɗai ya yi fice, ya karanta a Jami'ar Cambridge ya zama babban lauya.

Shekarunsa na ƙarshe ya ƙare su yana yawon karanta littattafansa a gaban jama'a a Ingila da Amurka, aikin da ya kawo kuɗi mai yawa ya kuma cinye lafiyarsa. Ya rasu a Gad's Hill ran 9 ga Yuni 1870 yana da shekara 58, aka binne shi a majami'ar Westminster. Labarin masana'antar Warren da kurkukun Marshalsea ya ba amininsa John Forster ne a rubuce, ya ɓoye wa 'ya'yansa. Sai da Forster ya buga tarihin rayuwarsa, tsakanin 1872 da 1874, sa'an nan suka san cewa mahaifinsu ya taɓa manna takarda a kwalaben man takalmi.