IBN KHALDUN, ALƘALIN DA YA BINCIKI DALILIN TASHI DA FAƊUWAR AL'UMMAI

A wannan fitowa za mu kawo muku tarihin wani babban malami na mazhabar Imamu Malik, wanda ya ƙare rayuwarsa yana neman amsar tambayar da har yau ake yi a zaurukanmu: me ya sa wata al'umma take gina birane da makarantu da kasuwanni, wata kuwa tana zaune inda kakanninta suka bar ta, kuma me ya sa wadda ta hau take saukowa?

Sunansa Abdurrahman ɗan Muhammadu, ana yi masa alkunya da Abu Zaid, amma duniya ta fi saninsa da Ibn Khaldun. An haife shi a birnin Tunis ranar 1 ga watan Ramadan, shekara ta 732 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1332 Miladiyya. Danginsa suna jingina asalinsu ga Hadramaut ta ƙasar Yaman, sai dai sun daɗe a birnin Ishbiliya na Andalus, inda suka yi suna wajen ilimi da sarauta. Sun bar birnin gab da faɗawarsa hannun Nasara a 1248. Ke nan yaron ya buɗe ido a gidan da labarin rushewar daula yake cikin hirar yau da kullum.

Ya haddace Alƙur'ani, ya karanta Muwaɗɗa da fiƙihu da nahawu, ya kuma ɗauki manɗiƙi da lissafi a wurin malaminsa Al-Abili. Yana ɗan shekara 16 ko 17 sai annobar nan ta 749, wato 1348 zuwa 1349, ta sauka Tunis, ta tafi da mahaifinsa da mahaifiyarsa da da yawa daga malamansa. Ya ga unguwanni sun zama kufai, ya ga hanyoyin fatauci sun mutu. Daga baya ya bayyana cewa wannan annoba ta sauya fuskar duniya baki ɗaya, har ya zama dole a sake rubuta tarihi.

Yana kimanin shekara 20 ya shiga aikin fada a Tunis. Daga nan ya koma Fas wurin Sarki Abu Inan, wanda ya ɗaukaka shi, sa'an nan ya zarge shi da haɗa baki da wani yarima, ya jefa shi kurkuku a 1357. Bai fito ba sai bayan rasuwar sarkin, ya yi kusan shekara biyu a tsare. A 1362 ya ƙetara zuwa Garnaɗa, kuma a 1364 sarkinta ya aike shi jakada wurin Pedro sarkin Kastila, a cikin Ishbiliya, garin kakanninsa. Pedro ya yi masa tayin ya zauna a mayar masa da dukiyar gidansu, ya ƙi. Bayan haka ya zama babban waziri a Bijaya, sarkin da yake yi wa aiki aka kashe shi cikin shekara guda. Ya yi shekaru yana kai da kawowa tsakanin Biskara da Tilimsan, sarakuna suna aikensa cikin ƙabilun Larabawan daji ya samo musu mayaƙa.

Ba za mu ɓoye ba, a waɗannan shekaru ya sha sauya ubangida, kuma masu tarihi sun yi masa wannan zargi. Amma a nan ne ya ga abin da malamin da bai bar zaurensa ba ba zai gani ba. Ya kwana a fada ya kwana a tanti. Ya ga sarki mai taska da ganuwa yana roƙon taimakon makiyayan da ba su mallaki kome ba sai raƙuma da junansu.

A 1375 ya gaji. Ya nemi mafaka wurin ƙabilar Aulad Arif, suka saukar da shi da iyalinsa a Ƙal'at Ibn Salama, kusa da garin Faranda a Aljeriya ta yau. Ya zauna can kusan shekara huɗu, nesa da sarakuna da ɗakunan littattafai, kuma a 1377, cikin wata biyar, ya rubuta Muƙaddima, wadda ita ce gabatarwar babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar.

Ya fara da tuhumar masu tarihi da suka gabace shi, saboda suna karɓar labari ba tare da sun auna shi da abin da zai yiwu ba. Idan an ce wani sarki ya fita da rundunar dubban ɗaruruwa, sai a tambaya: wace ƙasa za ta ciyar da su, wane fili zai ɗauke su? Don a iya wannan awo, ya ga dole a san ɗabi'ar zaman mutane, ya kira wannan fanni ilimin umran, kuma ya ce bai ga wanda ya riga shi tsara shi ba.

Tushen bayaninsa shi ne cewa bambancin al'ummai yana fitowa daga bambancin hanyar da suke neman abinci. Mutum ɗaya ba zai iya samar wa kansa ko da tuwon yini ɗaya ba sai da manomi da maƙerin da ya ƙera garma da mai niƙa. Idan mutane suka taru da yawa suka raba aiki, abin da suke samarwa yakan wuce bukatarsu, kuma daga wannan rara ne ake samun magini da masaƙi da mai rubutun littafi da likita da malamin da zai zauna ya karantar. Saboda haka sana'a da ilimi suna bin yawan jama'a da daɗewar zaman lafiya. Da wannan ya bayyana dalilin da ya sa sana'o'i suka kafu a Masar da Andalus, inda aka yi ƙarnoni ana zaune cikin birane, suka yi rauni a wuraren da birni bai daɗe ba. Ya kuma lura cewa mafi yawan manyan malaman Musulunci, a nahawu da hadisi da usulu, ba Larabawa ba ne, domin ilimi ya sauka inda ya tarar da zaman birni. A wurinsa hali ɗan sabo ne, abin da mutum ya tashi a cikinsa shi yake zama ɗabi'arsa.

To, wa yake kafa daular da birni zai zauna a inuwarta? A nan ya kawo kalmar da aka fi saninsa da ita, wato asabiyya. Mai karatu zai ce ai shari'a ta yi hani da asabiyya. Shi ma ya san haka, kasancewarsa alƙali, kuma ya bayyana cewa abin zargi shi ne taimakon dangi a kan ɓarna da alfahari na banza. Abin da yake nufi shi ne ƙarfin haɗin kai da yake sa mutum ya tsaya wa ɗan uwansa har ga mutuwa. Wannan ya fi ƙarfi ga mutanen daji, waɗanda ba su da ganuwa ko dogarai sai junansu, kuma idan kiran addini ya haɗu da shi, hassada takan ragu, zukata su fuskanci wuri ɗaya. Haka Murabiɗai, masu rufe fuska daga Sahara, suka fito suka gina Marrakush, suka mallaki Magrib da Andalus. Kafin shekara 100 ta cika, a 1147, Muwahhidai daga duwatsu suka karɓe birnin daga hannun jikokinsu.

Ya ƙiyasta wa daula, a galibi, zuriya uku, kowace shekara 40, jimla 120. Ta farko ta san yunwa da wahala, tana raba ɗaukaka tsakaninta. Ta biyu ta shiga birni, mutum ɗaya ya tattare mulki, amma tana tuna abin da ta gani ga iyaye. Ta uku ba ta san kome ba sai ni'ima, sai ta ɗauki baƙi haya su kare ta. Kashe kuɗi ya ƙaru, sai a ƙara haraji, a ƙirƙiro kuɗin kasuwa da na ƙofa, sarki da kansa ya shiga ciniki yana karya ƴan kasuwa. Manomi da ɗan tireda idan suka tabbata abin da suka tara za a ƙwace, sai su janye hannu, kasuwa ta mutu, harajin da aka ƙara ya riƙa kawo abin da bai kai na da ba. Don haka ya ɗauki zalunci a kan dukiyar talakawa a matsayin abin da yake rushe ƙasa, kuma ya ga hikimar haramta shi ke nan a shari'a.

Akwai inda ba mu bin sa. Ya gaji rabon duniya zuwa yankuna bakwai daga malaman Yunan, ya ɗauka cewa wayewa ta fi kafuwa a na tsakiya, kuma ya faɗi maganganu marasa daɗi game da mutanen can kudu da na can arewa, waɗanda bai taɓa zuwa ƙasashensu ba. Duk da haka ya ƙaryata masu cewa baƙar fata la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya ce zafin rana ne sababinta. Kuma littafinsa da kansa ya ba da shaida a kan abin da ya gada, domin a cikinsa ne aka adana jerin sarakunan Mali, da hajjin Mansa Musa na 1324, da ambaton Gawo da Takadda, da kyautar raƙumin dawa da sarkin Mali ya aika Fas. Wani ɓangare na wannan labari ya karɓe shi daga Shehu Usmanu, faƙihin mutanen Gana, da ya zo Masar a 1394. Har wa yau ya rubuta cewa ya ji labari ilimin falsafa yana bunƙasa a ƙasashen Turawa na arewacin teku, ya ambace shi a gurguje ya wuce, bai san abin da zai biyo baya ba.

Ya koma Tunis a 1378, amma saɓani da babban malaminta Ibn Arafa ya hana shi sakewa. A 1382 ya nemi izinin tafiya hajji, ya sauka Iskandariyya, ya wuce Alƙahira, inda ya karantar a Azhar. A 1384 Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi alƙalin alƙalai na Malikiyya. A cikin wannan lokaci ne jirgin ruwan da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariyya. Ya sauke farali a 1387. Sau shida ana naɗa shi alƙalanci, sau biyar ana tuɓe shi, kuma shi yana danganta hakan ga tsananinsa a kan shaidun zur da ƙin karɓar ceton manya.

A farkon 1401, yana dab da shekara 70, ya sami kansa cikin Dimashƙa lokacin da Taimur Lang ya kewaye ta, Sarki Faraj kuwa ya janye ya koma Masar. Aka zuro shi da igiya daga kan ganuwa, ya tafi tantin Taimur. Ya yi fiye da wata guda yana zama da shi, har ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib da ya nema. Abin da ya rubuta a Ƙal'at Ibn Salama shekara 24 da suka wuce, ga shi zaune a gabansa: shugaban mayaƙan daji a ƙofar tsohon birni. Bai iya ceton Dimashƙa ba, an washe ta, wuta ta ci babban masallacinta, shi kuwa aka sallame shi ya koma Alƙahira.

Ya rasu a watan Ramadan na 808, wato Maris 1406, yana kan kujerar alƙalanci, aka binne shi a maƙabartar Sufaye bayan ƙofar Babun Nasr. Daga cikin waɗanda suka zauna gabansa akwai Al-Maƙrizi mai tarihin Masar. Malaman Daular Usmaniyya sun fassara Muƙaddima zuwa Turkanci, aka buga ta da Larabci a Bulaƙ a 1857, a Paris kuma a 1858. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.