Ibn Khaldun: Malamin da ya yi wa sarakuna hidima, ya kuma bayyana yadda mulki ke raya kasuwa ko ya kashe ta

Duk lokacin da wata gwamnati ta ƙara haraji, ko ta tsunduma cikin saye da sayarwa, ko ta tsuke bakin aljihunta, sai tsohuwar muhawara ta sake tasowa a kan iyakar hannun hukuma a dukiyar jama'a. Fiye da shekara 600 da suka wuce wani malami ɗan Arewacin Afirka, Abdurrahman ibn Muhammad ibn Khaldun, ya yi wa wannan batu nazarin da har yau masana tattalin arziki ke komawa gare shi. Abin da ya ba maganarsa nauyi shi ne a cikin fada ya koyi darasin. Ya yi magatakarda, ya yi jakada, ya karɓi haraji, ya yi alƙalanci, ya kuma kwana a kurkukun sarkin da yake yi wa aiki.

Gidan da ya san daɗin mulki da ɗacinsa

An haifi Ibn Khaldun a birnin Tunis ranar 27 ga Mayu, 1332, wadda ta zo daidai da 1 ga Ramadan, 732 bayan Hijira. Danginsa suna danganta asalinsu da Hadramaut ta ƙasar Yaman, amma sun daɗe a Ishbiliya ta Andalus, wato birnin Sebil na Sifen a yau. Sun bar can gab da faɗawar birnin hannun Kiristoci a 1248, suka sami wurin zama a fadar sarakunan Hafsawa na Tunis.

Kusanci da fada ya ɗaukaka gidan, ya kuma jawo masa masifa. Kakan mahaifinsa ya riƙe harkar kuɗin daula, amma da wani ya ƙwace sarauta sai aka kama shi, aka karɓe dukiyarsa, aka kashe shi. Mahaifin Ibn Khaldun ya kauce wa siyasa, ya rungumi karatu, ya kuma sa ɗansa a kan wannan hanya. Yaron ya haddace Alƙur'ani, ya karanta hadisi da fiƙihun Malikiyya da nahawu, sannan ya ɗauki ilmin manɗiƙi da falsafa a wurin malaminsa al-Abili.

Yana da kimanin shekara 17 annobar da ta ratsa duniya a tsakanin 1348 da 1349 ta iso Tunis, ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da malamansa da dama. Ya ga garuruwa sun zama kufai, gonaki sun koma daji, ƙarfin sarakuna kuma ya ragu saboda babu masu noma balle masu biyan haraji. Wannan abin da ya gani da idonsa ya bi shi har cikin rubuce-rubucensa, inda ya ɗaura arzikin ƙasa a kan yawan mutanenta da aikin hannunsu.

Daga fada zuwa fada

Aikinsa na farko a fadar Tunis shi ne rubuta kalmomin da ake buɗe takardun sarki da su. Bai jima ba ya wuce Fas ta Maroko, inda Sarki Abu Inan ya sa shi cikin magatakardansa. A 1357 aka zarge shi da hannu a wata maƙarƙashiya, aka jefa shi kurkuku, bai fito ba sai bayan rasuwar sarkin a ƙarshen 1358. Wani sarkin da ya biyo baya, Abu Salim, ya ɗora shi a kan kotun sauraron koke-koken waɗanda aka zalunta. A nan ya riƙa jin ƙarar talakawa da 'yan kasuwa a kan ma'aikatan hukuma.

A ƙarshen 1362 ya haye teku zuwa Garnaɗa. Sarkinta Muhammad na Biyar ya aike shi jakada wurin Fedro, sarkin Kastil, a 1364. Fedro ya yi masa tayin mayar masa da gonakin kakanninsa na Ishbiliya in zai zauna a fadarsa, amma ya ƙi. Shekara ɗaya bayan haka ya zama babban waziri a Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yau, inda ya shiga duwatsu da kansa don karɓar haraji daga ƙabilun Barbar. Da aka kashe sarkin Bijaya a yaƙi a 1366, Ibn Khaldun ya miƙa birnin ga wanda ya ci nasara.

Irin wannan sauya uban gida ya sa wasu marubuta tarihi suna yi masa kallon mutum mai bin inda iska ta kaɗa. Masu kare shi kuwa suna cewa a zamanin da sarauta ke sauya hannu da takobi kusan kowace 'yan shekaru, wanda bai iya takunsa ba kansa ne zai biya. Ya shafe shekaru bayan haka yana tattaro wa sarakuna mayaƙa daga ƙabilun Larabawan jeji, aikin da ya sanar da shi inda ƙarfin mulki ke fitowa.

Shekarun kaɗaici da littafin Muƙaddima

A 1375 ya gaji. Ya nemi mafaka wurin ƙabilar Aulad Arif, suka saukar da shi da iyalinsa a wani gida mai ganuwa da ake kira Ƙal'at Ibn Salama, a yammacin Aljeriya. Ya yi kusan shekara huɗu a can. A 1377, cikin wata biyar, ya kammala rubutun farko na Muƙaddima, wadda gabatarwa ce ga babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar.

Ya faro ne daga buƙatar ɗan Adam ga ɗan'uwansa. Abincin rana ɗaya ma sai an sami mai noma da mai niƙa da mai toyawa, su kuma sai maƙeri da masassaƙi da maginin tukwane sun yi musu kayan aiki. Amma mutane in sun taru, mai ƙarfi kan miƙa hannu ga abin da ke wurin mai rauni, saboda haka tilas a sami mai tsawatarwa. Wannan ita ce hujjar samuwar hukuma a wurinsa. Abin da ke kai wasu mutane ga mulki kuwa shi ne abin da ya kira asabiyya, wato ƙarfin zumunci da haɗin kai da ke sa jama'a su tsaya wa juna har a bakin mutuwa.

Matsalar da ya hango ita ce mai tsawatarwar nan shi ya fi kowa ƙarfi, kuma babu mai tsawata masa. A lissafinsa daula kan tsufa cikin zuriya uku, kimanin shekara 120. Waɗanda suka kafa ta sun saba da wahala, buƙatunsu kaɗan ne, harajinsu mai sauƙi. Manomi da ɗan kasuwa suna ganin ribar guminsu, sai su ƙara himma, baitulmali kuma ya cika. Jikoki kuwa sun tashi cikin daula, fada ta faɗaɗa, ana biyan sojan haya, kashe kuɗi ya zarce abin da ke shigowa. Sai a ƙara haraji, a ƙirƙiro kuɗin fito a ƙofofin gari da kasuwanni. Idan mai sana'a ya auna abin da zai samu da abin da za a karɓe, sai gwiwarsa ta yi sanyi ya bar aikin. Daga nan kuɗin shiga ya ragu, a sake ƙara harajin don cike giɓi, ciwon ya ƙara tsananta.

Ya fi tsananta suka ga sarkin da ya shiga fatauci ko noma don neman riba. Babu ɗan kasuwar da zai iya gogayya da mai baitulmali da dakaru. Sarki zai sayi kaya da arha domin babu mai iya yi masa gardama, ya kuma tilasta wa fatake su saya daga wurinsa da tsada. Jarinsu ya narke, su bar kasuwa, harajin da ake samu daga gare su ya ɓace. A ganinsa abin da sarki zai yi asara ta wannan hanya ya fi ribar da zai ci nesa ba kusa ba.

Ma'anar zalunci a wurinsa tana da faɗi. Ƙwace dukiya zalunci ne, haka aikin tilas ba lada, haka ɗora harajin da shari'a ba ta wajabta ba, haka hana mai haƙƙi haƙƙinsa. Dukkansu suna kashe fatan mutum na cin moriyar wahalarsa, kuma in fata ya mutu gari ya kama hanyar zama kango, daular ma ta bi shi.

Duk da haka Ibn Khaldun bai nemi hukuma ta naɗe hannu ba. Ya ɗauki daula a matsayin babbar kasuwar da sauran kasuwanni ke sha daga gare ta. Idan sarki ya tara kuɗi ya rufe, albashin sojoji da ma'aikata ya ragu, su rage sayayya, ciniki ya tsaya, haraji ya faɗi. Kuɗi a wurinsa abu ne mai kai da komowa tsakanin mai mulki da talakawa. Ya kuma lissafa ayyukan da ke wuyan hukuma: tsaron hanyoyi da iyakoki, shari'a, sa ido a kan mudu da sikeli a kasuwa, da tabbatar da ingancin zinariya da azurfar da ake bugawa kuɗi.

Alƙali a Masar

Ya koma Tunis a 1378, amma hassadar fadawa da saɓani da babban malamin garin, Ibn Arafa, suka hana shi sakat. A 1382 ya nemi izinin tafiya aikin Hajji, ya sauka a Masar, ya zauna. Ya koyar a Azhar, sannan a 1384 Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi alƙalin alƙalan Malikiyya. Ya yi ƙoƙarin kakkaɓe cin hanci da shaidar zur a kotuna, abin da ya tara masa maƙiya a cikin manya. A wannan tsakani jirgin ruwan da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariyya, matarsa da 'ya'yansa mata suka rasu. Bai daɗe ba ya rabu da kujerar. Ya sauke farali a 1387.

Shi kansa bai tsira daga matsin masu mulki ba. A 1389, lokacin da 'yan tawaye suka tumɓuke Barƙuƙ, Ibn Khaldun yana cikin malaman da suka sa hannu a fatawar da aka fitar a kan sarkin. Da Barƙuƙ ya dawo kan gado, malamin ya rasa ɗaya daga cikin muƙamansa.

A Alƙahira ya ci gaba da gyara littafinsa, yana tambayar matafiya da alhazai labarin ƙasashensu. Ta haka ya tattara jerin sarakunan Mali, wanda har yau masu binciken tarihin Afirka ta Yamma ke dogara da shi. Ya kawo labarin Mansa Musa, ya kuma kawo na Mari Jata na Biyu, wanda ya yi almubazzaranci da dukiyar daula har ya sayar wa fataken Masar wani babban curin zinariya na gidan sarauta a kan farashi ƙanƙane.

Ganawa da Taimur

A ƙarshen 1400 ya raka Sarki Faraj, ɗan Barƙuƙ, zuwa Dimashƙu don tare rundunar Taimur. Sarkin ya koma Masar da gaggawa saboda jin ƙishin-ƙishin juyin mulki, ya bar birnin a kewaye. A Janairun 1401 aka zuro dattijon mai shekara 68 da igiya daga saman ganuwa, ya je sansanin Taimur. Ya yi makonni yana ganawa da shi, ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib, ya kuma nema wa wasu ma'aikata aminci. Wannan bai ceci birnin ba. An ɗora wa mutanensa tara mai nauyi, aka washe gidaje, gobara ta ci Masallacin Umayyawa, aka kwashi masu sana'a zuwa Samarƙand. Abin da ya rubuta game da zalunci shekara 24 da suka gabata ya faru a gabansa.

Ya koma Alƙahira, aka yi ta naɗa shi alƙali ana saukewa, har sau shida jimilla. Yana kan kujerar ya rasu ranar 17 ga Maris, 1406, a watan Ramadan na 808. An binne shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen ƙofar Babun Nasr.

Abin da ya bari

Marubutan Daular Usmaniyya irin su Katib Celebi da Na'ima sun yi amfani da ra'ayinsa wajen neman dalilin raunin daularsu. An buga Muƙaddima a Masar da Faransa a ƙarni na 19, Franz Rosenthal kuma ya fassara ta zuwa Turanci a 1958. A 1981 Shugaban Amurka Ronald Reagan ya ambaci sunansa don kare shirinsa na rage haraji.

Masu son gwamnati ta janye daga kasuwa suna kafa hujja da maganarsa a kan haraji da fataucin sarki. Masu son ta kashe kuɗi don farfaɗo da ciniki suna kafa hujja da maganarsa a kan daula babbar kasuwa. Kowane ɓangare ya ɗauki rabi ya bar rabi. Ya kamata kuma a tuna cewa daular da ya sani tana kashe mafi yawan kuɗinta ne a kan fada da soja, ba ta ɗauke da nauyin makarantu da asibitoci irin na gwamnatocin yau. Abin da bai tsufa ba a nazarinsa shi ne ma'aunin da ya bayar: a duba ko matakin hukuma yana ƙara wa manomi da ɗan kasuwa ƙwarin gwiwar cewa abin da suka nema zai zauna a hannunsu, ko yana rage shi.

Ƙasar Tunisiya ta kafa mutum-mutuminsa a tsakiyar babban birninta, ta kuma taɓa sa hotonsa a takardar kuɗinta ta dinari 10.